Antoni Janar na Jiha da Manyan Kamfanoni: Ina Ikonsa Ya Kai, Ina Ya Tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Mu manoman albasa da shinkafa ne a wata fadama da ke wajen garin Sakkwato. Shekara biyu ke nan wata masana'anta da aka kafa kusa da mu tana sako ruwan datti cikin magudanar da ke gangarowa gonakinmu. Shuka tana ƙonewa, ruwan rijiyoyi biyu ya canza ɗanɗano. Mun je wurin manaja, mun je wurin uban ƙasa, har yau alkawari muke sha. Ɗana ya ce a Amurka Antoni Janar na jiha ne ke kai manyan kamfanoni kotu a madadin jama'a. Shin namu na Sakkwato yana da wannan iko? Ta ina za mu biɗi haƙƙinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar muku da abin da kuka rasa. Maganar ɗanka gaskiya ce, kuma Antoni Janar na Sakkwato yana da ikon shiga irin wannan lamari naku. Sai dai ikon yana da iyaka, mai riƙe da shi kuma yana da inda hannunsa ke ɗaure. In ba ku san iyakar ba, za ku ƙarar da shekaru kuna buga ƙofar da ba taku ba.

Sashe na 195 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya kafa ofishin. Ya ce kowace jiha za ta kasance da Antoni Janar, shi ne babban jami'in shari'a na jihar, shi ne kuma Kwamishinan Shari'a, kuma dole ya kasance lauyan da ya kai shekara 10 da cancantar aikin lauya. Gwamna ne ke naɗa shi, Majalisar Dokoki ta tantance shi kamar kowane kwamishina, gwamna kuma yana iya sauke shi ranar da ya ga dama. A nan muka rabu da Amurka. Can, a jihohi 43 daga cikin 50 jama'a ne ke zaɓen Antoni Janar da ƙuri'a, don haka tsaya wa talaka a gaban kamfani abin da zai nuna ne in ya dawo neman ƙuri'a. Shi ya sa a 1994 Mike Moore na jihar Misisifi ya iya maka kamfanonin taba a kotu yana neman su biya kuɗin da jihar ta kashe wajen jinyar masu shan sigari, sauran jihohi suka bi sawu, har a 1998 jihohi 46 suka ƙulla yarjejeniyar da kamfanonin suka amince su biya kusan dala biliyan 206 cikin shekara 25. Namu kuwa lauyan gwamnati ne kafin komai. In gwamnatin ce ta ba kamfanin fili, ita ta yi bikin buɗe shi, tana kuma karɓar haraji a hannunsa, to mutumin da kuke son ya kai kamfanin kotu shi ne ke zama a majalisar zartarwar da ta yi maraba da shi. Ban faɗi haka don ku karaya ba. Na faɗa ne don ku san cewa kuka da baki ba zai motsa wannan ofishi ba, fayil mai nauyi ne ke motsa shi.

Makaminsa na farko shi ne gurfanar da mai laifi. Sashe na 211 ya ba shi iko uku: ya shigar da ƙarar laifi a kan kowa a kowace kotu in ban da kotun soja, ya karɓe ƙarar da wani ya shigar ya ci gaba da ita, ko ya janye ta kafin a yanke hukunci. Sharaɗin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, laifin ya zama wanda dokar jiha ta tanada. Kundin laifuffuka na Penal Code da ake aiki da shi a jihohin Arewa yana da abubuwan da suka dace da kamfanoni fiye da yadda ake zato: damfara, cin amana, gurɓata abinci ko abin sha da ake sayarwa, ɓata ruwan da jama'a ke amfani da shi, cutar da jama'a baki ɗaya, da sakacin da ya jawo rauni ko rasa rai. A idon doka kamfani mutum ne, ana tuhumarsa da sunansa a ci shi tara, ana kuma iya haɗawa da manaja ko daraktan da ya ba da umarni ko ya san ɓarnar ya kau da kai. Yadda abin ke tafiya a aikace: ku kai ƙorafi wurin 'yan sanda ko hukumar kare muhalli ta jiha, su yi bincike, su tura fayil Ma'aikatar Shari'a, ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki ya duba ya ba da shawarar ko akwai tuhumar da za ta tsaya. A wannan gaɓar ce ƙararraki da dama ke mutuwa, domin lauyan gwamnati ba ya fita fadama neman hujja. Abin da ke cikin fayil shi yake karantawa. In bai ga sakamakon gwajin ruwa ba, bai ga takardar likita ba, zai rubuta cewa babu isasshiyar shaida, kuma a bisa doka ya yi daidai.

Ikon janye ƙara kuma wuƙa ce mai kaifi biyu. Ƙaramin sashe na 3 na sashe na 211 ya ce Antoni Janar ya yi la'akari da maslahar jama'a, da adalci, da hana wasa da kotu. Amma tun a 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta yanke cewa in Antoni Janar ya janye ƙarar laifi, kotu ba za ta tsare shi da tambayar dalili ba. Saboda haka kada ku ɗora dukkan fatanku a kan tuhumar laifi. Ko an ci kamfani tara, kuɗin baitulmalin gwamnati za su shiga, ba su ne za su biya albasar da ta ƙone ba, sai in kotu ta haɗa da umarnin diyya.

Makami na biyu shi ya fi dacewa da ku, wato ƙarar neman haƙƙi a madadin jama'a. A tsarin shari'ar da muka gada daga Ingila, ɓarnar da ta shafi al'umma gaba ɗaya, kamar gurɓata rafi, toshe hanya, ko turnuƙe unguwa da hayaƙi da ƙura, Antoni Janar ne mai tsaya wa jama'a a kanta. Yana iya zuwa Babbar Kotun Jiha ya nemi umarnin wucin gadi na a daina sako ruwan nan take kafin a gama shari'a, sannan umarni na dindindin, da tilasta wa kamfanin gyara ƙasar da ya ɓata, da diyya. Umarnin wucin gadin nan ne abin da kamfani ya fi tsoro, domin tsayar da injina na mako biyu ya fi masa ciwo a kan tarar da zai biya ya manta.

Ba sai mun tafi Amurka neman misali ba, ga shi nan a Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta jawo haka, kuma ya ce ya samu izini. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, gwamnatin Kano ta hannun Ma'aikatar Shari'arta ta shigar da ƙara biyu a Babbar Kotun Jiha, ta laifi da ta neman diyya. A 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 don iyalan yaran, miliyan 30 don ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Wannan ya nuna jiha a Arewa tana iya zaunar da ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya a teburin sulhu. Amma ku dubi abin da ya biyo baya, domin nan darasin yake. Da aka zo rabo, masu cewa 'ya'yansu na ciki sun ninka adadin da aka yi wa gwajin, sai aka koma gwajin ƙwayoyin halitta don tantancewa. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, shekara 15 bayan faruwar abin. Rashin rubutaccen jerin waɗanda abin ya shafa tun daga farko ya cuci masu gaskiya ƙwarai. Na biyu, in gwamnati ce ta shigar da ƙara, ita ke zama a teburin sulhu, ita ke sa hannu. In ba ku da wakilci a rubuce, za a yanke muku rabo ba ku nan.

Sai maganar hurumi, wadda ita ce ramin da ya fi cin mutane. Tsarin mulki ya ware wasu fannoni ya ce na Tarayya ne kaɗai: bankuna, sadarwa, ma'adinai da man fetur, magunguna, rajistar kamfanoni, awo da sikeli. Sashe na 251 kuma ya kai yawancin rigingimun waɗannan fannoni Babbar Kotun Tarayya. Laifin da dokar Tarayya ta tanada na Antoni Janar na Tarayya ne a ƙarƙashin sashe na 174, na jiha ba ya taɓa shi sai an ba shi izini a rubuce. Don haka tambayar farko da lauya zai yi muku ita ce: me masana'antar nan ke yi? In sarrafa shinkafa, fata, roba, sabulu ko abin sha take yi, ƙarar gurɓata gona da rijiya tana zama a Babbar Kotun Jiha. In kuwa ɓarnar ta taso daga haƙar ma'adinai ne, lissafi ya canza. A 2001, a shari'ar Shell da Isaiah, mutanen da man fetur ya ɓata wa ƙasa sun ci nasara a kotun jiha da Kotun Ɗaukaka Ƙara, Kotun Ƙoli ta rushe komai saboda tun farko Babbar Kotun Tarayya ya kamata su je. Shekaru suka tafi a banza. Akwai Babbar Kotun Tarayya a nan Sakkwato, ba sai an yi tafiya ba, kuskuren zaɓi ne kawai abin gudu.

Tunda masu karatu da yawa ba ruwan gona ne damuwarsu ba, bari in taɓa sauran a gurguje. Wanda banki ya cire wa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba ya rubuta wa bankin, ya karɓi lambar ƙorafi, in wa'adin da aka ba bankin ya wuce ba a warware ba ya kai sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Na layin waya ya fara da kamfanin, sannan ya kira 622 na hukumar sadarwa ta NCC. Na wutar lantarki ya rubuta wa sashen ƙorafi na kamfanin rarraba wuta, bayan kwanakin aiki 15 ya ɗaukaka zuwa dandalin sauraren koke na NERC, hukumar kula da harkar lantarki. Jabun magani, lalataccen abinci da maganin feshi na NAFDAC ne. Ma'aikacin da aka kora ko injin ya cire wa yatsa, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce tasa. Haɗa baki a tsauwala farashi, yaudarar talla da cin zarafin masu bashin manhajar waya kuma na FCCPC ne, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Tarayya da dokar 2018 ta kafa, wadda a 2024 ta ci kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp tarar dala miliyan 220. A duk waɗannan abin da Antoni Janar na jiha zai iya yi shi ne ya tattara koke-koken jama'arsa ya rubuta wa hukumar da sunan jiha. Takardar da ta fito daga ofishinsa ɗauke da sunayen mutum ɗari uku ba a jefa ta ƙasan tebur kamar ta mutum ɗaya.

A ganina ikonsa mafi girma ma ba a kotu yake ba. Yana kan teburinsa, kafin a kafa tubalin farko. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba kamfani takardar mallaka, kuma takardar tana zuwa da sharuɗɗa. Ma'aikatar Shari'a ce ke duba yarjejeniyar da gwamnati ke ƙullawa da masu zuba jari. A nan ne ake iya rubuta cewa dole kamfani ya gina wurin tace ruwan datti kafin ya kunna inji, ya ajiye kuɗin jingina na gyaran muhalli, ya yarda a shiga a duba ba tare da sanarwa ba, kuma saɓa wa sharaɗi na iya kaiwa ga soke takardar fili, abin da sashe na 28 na dokar ya ba da dama. Layi huɗu a yarjejeniya sun fi shekara goma a kotu. Haka nan ofishinsa ne ke tsara ƙudurorin dokar da gwamnati ke kai wa Majalisa. Filin jiha kuma yana ƙara faɗi: gyaran tsarin mulki na 2023 da Dokar Lantarki ta shekarar sun ba jihohi damar kafa hukumarsu ta kula da wutar lantarki, a Nuwamba 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa harkar caca da reful ta jihohi ce, a ƙarar da Antoni Janar na Legas ya jagoranta. Legas ɗin ta kafa cibiyar sasanta jama'a da ofishin lauyoyin talakawa kyauta a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a tun lokacin da Yemi Osinbajo ke riƙe da ofishin, daga 1999 zuwa 2007. Kano ma tana da hukumar kare haƙƙin masu saye tata. Mu a Sakkwato wannan ba baƙon abu ba ne. A tsarin Daular Usmaniyya akwai muhtasibi mai zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli da algus, ƙa'idar kuma ita ce hadisin nan da ke cikin Muwaɗɗa: babu cuta, babu cutarwa. Abin da ya canza shi ne mai tauye mudun yau yana da lauyoyi da hedikwata a Legas, don haka mai duba shi ma sai ya zo da doka a rubuce da ɗakin gwaji.

Yanzu ga abin da za ku yi, Malam, kuma ku fara tun kafin ruwan sama ya wanke shaida.

Ku fara da sanin wanda kuke ƙara. Sunan da ke kan allon ƙofa sau da yawa ba shi ne sunan rajista ba. Ku sa lauya ya bincika a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ya fito da cikakken suna, lambar rajista, adireshin ofishin da aka yi wa rajista da sunayen daraktoci. An sha korar ƙara saboda an rubuta sunan da doka ba ta san da shi ba. In hedikwatar tana wata jiha, dokar isar da sammaci ta tanadi rubutu na musamman a jikin takardar da kuma ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30, lauyan kamfani kuma abin da zai fara dubawa ke nan.

Sai ruwa da ƙasa. Ku sami sababbin robobi masu tsabta na lita ɗaya ko biyu, kada ku yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar mai, taki ko maganin feshi. A ɗebi ruwa a wuri huɗu: sama da masana'antar inda ruwanta bai kai ba, bakin bututun da take sakowa, cikin magudanar inda ta shiga gonaki, da kowace rijiya. Na saman nan kada a bar shi, domin shi ne zai rufe bakin wanda zai ce dama can ruwan yankin haka yake. A ɗauraye robar da ruwan wurin sau uku, a cika ta har baki, a rufe, a rubuta wuri da rana da lokaci a jikinta, a sa cikin kula da ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin awa 24. Ƙasa kuma a haƙa zurfin kamar santimita 20, a wurare biyar cikin gonar da ta ƙone, a gauraya, a ɗebi rabin kilo a leda mai tsabta, a yi haka a wata gona mai lafiya don a kwatanta. A nemi a auna tsami da gishirin ruwan da ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyam. Abu mafi muhimmanci: kada ku ɗebo ku kaɗai. Ku rubuta wa ma'aikatar muhalli ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma su turo duba-gari ya ɗeba da hannunsa, ya sa hannu, a gayyaci wakilin kamfanin a rubuce ya tsaya a wurin. In ya ƙi zuwa, takardar gayyatar ta zama shaida. In kun lura da dare ko ranar da ba kowa suke sakin ruwan, ku riƙa rubuta ranaku da lokuta a littafi guda, a sa ɗibar ta dace da lokacin. Ana yin gwajin a dakunan gwaji na jami'a ko na gwamnati, kuma wanda ya yi shi ya zama mai yarda ya zo kotu ya kare sakamakonsa.

Hotuna da bidiyo suna da amfani, amma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce duk abin da ya fito daga waya ko kwamfuta sai an haɗa shi da takardar tabbaci mai bayyana na'urar da yadda aka samar da shi. Don haka mutum ɗaya ko biyu su riƙa ɗauka, da waya ɗaya, kada a sayar da ita, kada a goge na asali. Hoton da ya zaga WhatsApp har ba a san wanda ya ɗauka ba yana da wuyar shiga kotu.

Asara kuma a ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya. Kotu ba ta karɓar "mun yi asara mai yawa". Kowane manomi a rubuta sunansa, girman gonarsa, abin da ya shuka, buhu nawa ya saba samu, buhu nawa ya samu bara da bana, kuɗin iri, taki, man injin ban ruwa da na 'yan ƙwadago. Wanda ke da rasit ya kawo, wanda ba shi da shi dillalin da ya saba saye a hannunsa zai iya ba da shaida. Ku nemi malamin gona na yankin ya zagaya ya rubuta rahoto. Duk wanda ya sha ruwan rijiyar ya kamu da ciwon ciki ko ƙaiƙayin fata ya je asibiti, ya faɗa wa likita ruwan da yake sha don a rubuta a kati, ya adana katin. A daina shan ruwan rijiyoyin nan biyu daga yau har sakamako ya fito, musamman yara da masu juna biyu.

Da waɗannan a hannu sai ku rubuta takardar koke zuwa ga Antoni Janar kuma Kwamishinan Shari'a, shafi biyu ko uku sun isa. Ku faɗi ko ku su waye, sunan kamfanin, ranar da abin ya fara, matakan da kuka bi, sannan ku bayyana abin da kuke nema dalla-dalla: a binciki ko masana'antar tana da takardar tantance tasirin muhalli da dokar 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka, da izinin zubar da ruwan datti; a nemi umarnin kotu na dakatarwa; a duba sharuɗɗan takardar filinta; kuma kada a yi wani sulhu ba tare da wakilanku a zaune ba. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi. Na asalin sakamakon gwaji da rasit su zauna a hannunku, kwafi za ku bayar. Ku aika kwafin koken ga Kwamishinan Muhalli, ofishin hukumar kare muhalli ta Tarayya, NESREA, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, da ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarku. Hukumar koke-koken tana da hurumi a kan kamfanoni masu rajista, aikinta kyauta ne, amma ba ta cika karɓar abin da ya wuce wata 12 da faruwa ba, don haka ku kafa koken a kan zubarwar da ake yi yanzu. Majalisa kuma, a ƙarƙashin sashe na 128 da 129, tana iya kiran manajan ya zo ya yi bayani a gaban kwamiti. Bayan mako biyu ku koma ku tambayi lambar fayil da sunan sashen da aka tura shi, bayan wata guda ku rubuta tunatarwa.

Abubuwa uku ne suka fi rusa irin wannan fafutuka. Na farko, takardar da ake kawowa tare da buhunan shinkafa ko ɗan kuɗi da sunan tallafi. Sau da yawa a ƙasanta akwai layin da ke cewa wanda ya sa hannu ya karɓi cikakkiyar diyya kuma ya yafe duk wata ƙara. Kada kowa ya dangwala yatsa a kan abin da lauyanku bai karanta muku da Hausa ba. Na biyu, rabuwar kai: a ɗauki 'ya'yan mutum biyu aiki, a ba wani kwangilar kawo yashi, sai a wayi gari masu magana sun yi shiru. Maganinsa ku zaɓi wakilai uku zuwa biyar a taron da aka rubuta bayaninsa, a kuma rubuta cewa ba su da ikon karɓar sulhu sai sun dawo wa taro. Na uku, fushi. Ranar da matasa suka tare hanyar motocin kamfani ko suka fasa bututu, masu ƙara sun koma waɗanda ake tuhuma, kuma ofishin da kuke roƙo ya tsaya muku shi ne zai gurfanar da su.

In wata biyu ko uku suka shuɗe ba ku ga motsi ba, doka ba ta ce ku zauna jiran Antoni Janar ba. A 1991, a shari'ar Adediran da kamfanin sufuri na Interland, mazauna wata unguwa a Legas da tireloli suka addaba sun kai ƙara da kansu, kamfanin ya ce sai da izinin Antoni Janar, Kotun Ƙoli ta ce tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa damar zuwa kotu kai tsaye. A 2018 kuma ta yarda ƙungiya mai zaman kanta ta shigar da ƙarar gurɓata muhalli a madadin al'umma. Ku naku ma ya fi sauƙi, tunda kowannenku yana da gonar da ta lalace da sunansa. Dokokin Babbar Kotu sun yarda mutum kaɗan su yi ƙara a madadin sauran masu buƙata iri ɗaya, da takardar wakilcin da kowa ya sa wa hannu. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya tuntuɓi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Sakkwato ya tambayi masu aikin sa kai. In kun yi yarjejeniya da lauya cewa sai an ci nasara zai ɗauki kaso, a rubuta kason, a rubuta wanda zai biya kuɗin gwaji da na masana. Kuma ku sa lauyan ya duba dokar ƙayyade wa'adin shigar da ƙara tun zaman farko, domin asarar shekarar farko tana da ranar da za ta fita daga hannunku ko da ruwan bai daina zuba ba. In kuna da niyyar haɗa wata hukumar gwamnati cikin waɗanda ake ƙara saboda sakacinta, wa'adin nan yana iya zama wata 3 kacal, wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu.